Magajin da Ya Ƙi Share Sawu

A zamanin Sarki Tunau, wanda ya ci sarautar Garzai bayan baffansa, babu abin da ya dami ƙasa kamar ɓarayin shanu da 'yan fashin hanya. Abin ya kai fatake suka fara zagaye birnin, sun gwammace su sha wuyar daji da su bi hanyar da za a raba su da jakunansu. Kasuwa ta yi sanyi, Sarki ya ji kunya, ita kuwa kunyar sarki ba ta cika tsayawa a kansa shi kaɗai ba.

A lokacin shari'ar ƙasar duka tana zauren Alƙali Ilyasu. Tsoho ne siriri mai ƙaramar murya, ga tambayar tsiya. Ko an kawo masa ɓarawo da akuya a kafaɗa, sai ya tambayi wanda ya gan shi ya ɗauka, sannan ya tambayi wanda ya san halin mai shaidar. Mutanen gari suna tsokanarsa a bayan ido, wai kafin Alƙali ya gama tambaya akuyar ta haihu. Amma duk wanda tasa ta taso, zauren nan yake roƙon Allah a kai shi.

Madawaki Arzika, jagoran mayaƙan Garzai, shi ya kawo maganin da ya ce zai kashe sata. Ba mugun mutum ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. 'Yan fashi ne suka kashe ƙaninsa a hanyar fatauci, aka kamo waɗanda ake zargi, Alƙali ya sake su don babu shaida. Tun daga ranar Madawaki bai ƙara gaishe shi da sakin fuska ba. Ya tsaya gaban majalisa ya nemi a kafa doka: duk dukiyar da aka sace a bi sawunta, garin da sawun ya ƙare a ƙofarsa, mai garin ya fito da ɓarawo, in kuwa ya kasa ya ba da kansa.

Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, sawu yana nuna inda ƙafa ta bi, amma ba ya faɗin mai ƙafar. Ina tsoron kada a bar jaki a doki taiki."

Sarki ya gaji da kukan fatake, bai saurare shi ba. Aka buga tambari, sankira ya zaga da shela, shari'ar sata ta tashi daga zauren Alƙali ta koma ƙofar Madawaki. Ba a daɗe ba aka sare wani mai gari, sai ƙarar sata ta ɗauke ɗif. Makaɗa suka yi wa Madawaki sabon kirari.

Shi kuwa Alƙali, da yake har yanzu yana fita ƙauyuka rabon gado da rikicin iyakar gona, ya ga abin da fada ba ta gani ba. Kowane gari ya tanadi sa da reshen ƙaya. Da gari ya waye, tun ba a karya kumallo ba, sai a ɗaura wa san reshen ya ja shi bisa hanya daga iyaka zuwa iyaka. Hanyoyin Garzai suka fi tsakar gidan amarya tsabta. Wanda aka yi wa sata kuwa, maƙwabtansa ne ke zuwa su kama ƙafarsa ya yi shiru, kada ya jawo wa wani garin mutuwa. Satar tana nan daram, kukan ne ya mutu. Da Alƙali ya faɗi haka a fada, Galadima ya yi dariya ya ce Malam kewar ɓarayinsa yake yi, aka tashi ke nan.

Ana nan, bazara ta yi tsakiya, rannan da hantsi Alƙali yana sauraron wasu 'yan'uwa da ke rigima kan rijiya, sai ga wani dattijo ya faɗo zauren, riga jiƙe da gumi, leɓe duk ya tsage. Nomau ne, Magajin Tudun Ƙirya, gari na ƙarshe a yamma kafin kurmin da ya raba Garzai da Tsaunawa, abokan gabarta tun kaka da kakanni.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na kawo kaina."

"Wa ya yi ƙararka, Magaji?"

"Ba kowa. Mun wayi gari da sawun shanu a ƙofarmu, kuma shanun Sarki ne daga fadama, don an bar ɗaya da ya karye, da lambar fada a cinyarsa. Samari suka ɗauro ƙaya za su share, na hana su. Na sa mata suka kife ƙore a kan sawun kada iska ta ɓata shi."

Alƙali ya dafe kai. "Ka kuwa san dokar?"

"A gabana aka sare Magajin Rafin Gora, Malam, kuma tare aka yi mana kaciya da shi. Amma wannan ba sawun shanu kaɗai ba ne. Akwai na mutane, ba goma ba, ba ɗari ba. Maharbanmu sun bi shi cikin kurmi, sun hango Tsaunawa sun kafa sansani, suna yanka shanun suna shanya nama, suna sassaƙa tsani. Mai satar saniya me zai yi da tsani? Ganuwar birni suke nufi. In na share na tsira da wuyana, amma ban san inda zan kai kunyata ba ranar da birni ya ci wuta."

"To me ya hana ka zuwa ƙofar Madawaki? Can maganar sata take yanzu."

Nomau ya yi murmushin yaƙe. "Can yankewa ake yi sannan a yi tambaya. Nan kuwa na ji ana tambaya har mutum ya gaji. Ni yau tambayar nake so."

Tausayi ya kama Alƙali, tsoro kuma ya biyo baya, don ya san ba shi da iko ko na sisin kwabo a kan wannan magana. Ya sallami masu rijiya, ya sa aka ba Magaji ruwa, ya jawo sandarsa suka nufi fada.

Sarki ya fito zaure, majalisa ta cika. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya maimaita labarinsa bai rage ba bai ƙara ba. Ana cikin haka wani dogari ya shigo ya ce ungulaye sun taru suna shawagi ta yamma da birni, ba a taɓa ganin yawansu haka ba. Galadima ya ce alama ce ta mutuwar maci amana. Shi kuwa Alƙali ba haka ya fassara abin a zuciyarsa ba, shanun da ake yankawa a kurmi ya tuna.

Madawaki ya tashi ya jinjina. "Zaki, Allah ya ba ka nasara! Wanda sawu ya kama, me ba zai faɗa ba? In yau muka saki mai gari don ya zo da labarin yaƙi, gobe kowane mai gari zai zo da nasa, doka ta zama wasan yara. Kuma wa ya sani ko da bakinsa? A fitar da mu daga birni, a ja mu kurmi, wasu su zagayo ta baya. Tsakanin fadamar Sarki da Tudun Ƙirya akwai garuruwa a jere. Runduna ba aljana ba ce, dole ta ratsa su. A aika a tambaye su."

Maganar ta shiga kunnen Sarki, don a ido ba ta da aibu. Nomau ya kifa goshinsa a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban zo neman a bar ni ba. A sare ni gobe in an so, amma a tura dawaki yau. Na baro mata da yara a bakin kura."

Sarki ya ce, "Ba a fitar da runduna a kan bakin mutum ɗaya, Magaji, balle mutumin da doka ke nema. A tura manzo."

Aka sa wa Nomau mari a ƙafa aka kai shi gidan Sarkin Dogarai. Manzo ya tafi, aka zauna jira. Alƙali ya bi majalisa ɗaya ɗaya har gida yana roƙo a yi shirin yaƙi ko da manzo bai dawo ba. Kowa ya ba shi tabarma da ruwa da haƙuri, amma babu wanda ya yarda ya sa bakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ya faɗa musu har muryarsa ta dishe.

Da manzo ya dawo, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na bi su gari gari. Kowane mai gari ya rantse bai ga ko sawun kaza ba. Ni ma na duba da idona, hanya sumul take."

Madawaki ya ce, "To, an ji."

Sarki ya ce a kira Hauni, mai sare kai. Aka shigo da Nomau, ga Hauni tsaye bayansa da takobi a saɓe.

A nan ne Alƙali Ilyasu ya yi abin da ba a taɓa ganin alƙali ya yi ba a Garzai. Al'adar ƙasar ce, in mutum zai tsaya wa wani da ransa, sai ya tuɓe rawaninsa ya ajiye gaban Sarki. Tsoho ya ɗaga hannu, ya warware rawanin a hankali, ya naɗe, ya ajiye. Furfurarsa ta fito fili.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Hurumin sata ba nawa ba ne, ban kuwa zo ƙwace shi ba. Amma tun ina saurayi nake zaune ana yi mini ƙarya da gaskiya, na san kamanninsu. Maƙaryaci gudun takobi yake yi, ban taɓa ganin wanda ya yi tattaki ya kawo mata wuyansa ba. Manzo bai yi ƙarya ba, hanya sumul take, amma hannu ne ya mai da ita haka. Mun koya wa talakawa cewa gani laifi ne, ga shi sun daina gani. Mutum ɗaya ya rage a ƙasar nan da ya ga abu ya zo ya faɗa. In muka sare shi, Sarki zai zauna a kan karaga bai da ido bai da kunne. Gani ya kori ji. A je a buɗe ƙoren nan a duba. In babu komai, Hauni ya sare biyu maimakon ɗaya, nawa ma ba zai ba shi wuya ba."

Madawaki ya ce, "Malam, ka taɓa sakin waɗanda suka sha jinin gidanmu."

"Na sake su, Madawaki, kuma har gobe abin yana cina. Amma da na kashe su ban tabbata ba, da ya fi cina."

Sarki ya daɗe yana kallon rawanin. Yana ƙaunar tsohon, don a gabansa ya yi karatu yana yaro. Daga ƙarshe ya ce, "Magana zarar bunu ce, Malam, ka furta ba ta komawa. A buga kuge. Da kaina zan je."

Runduna ta fita ta ƙofar yamma. Sarki a tsakiya, Madawaki da 'yan lifida a gaba, Sarkin Baka da maharbansa a gefe. Can baya ga Alƙali a kan alfadari, kai ba rawani, rana tana dukansa, ga Nomau ɗaure a kan jaki kusa da shi. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami kaifi ba, ga shi yau cikin rundunar yaƙi, yana addu'a alfadarin kada ya yi tuntuɓe.

Da suka isa garin Kaɗanya, Alƙali ya roƙi a dakata. Aka kira mai garin, wani mai suna Cindo, ya zo ya sake rantsewa. Alƙali ya ce, "Cindo, dube ni. Kaina ma a jingine yake, ba ni da abin tsorata ka da shi. Ga ɗan'uwanka Nomau za a kashe saboda shirunku. Na roƙi Sarki ya ba ka amana, ka faɗi abin da ka gani."

Sarki ya gyaɗa kai ya ce ya bayar. Cindo ya dubi Nomau a ɗaure, sai ya fashe da kuka kamar yaro. "Mun share, ranka ya daɗe! Tun farkon rani Tsaunawa suke wucewa kaɗan kaɗan, muna jin su, mu wayi gari mu share. Ranar da suka koro shanu har mata sai da suka fito da tsintsiya. Wallahi ba son su muke ba, wuyanmu muke jin tsoro."

Babu wanda ya kalli Madawaki, don kunya. Shi da kansa ya juya dokinsa ya daka wa mayaƙa tsawa su yi sauri, muryarsa kuwa ba irin ta ɗazu ba ce. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Tun ba su hango Tudun Ƙirya ba suka hango hayaƙi. Ashe 'yan leƙen asirin Tsaunawa sun ga ƙore a kife a ƙofar gari, suka gane wannan garin bai share ba, ya aika birni. Suka ga in ba su yi sauri ba asirinsu ya tonu, suka fito daga kurmi suka auka masa. Mutanen garin sun tare ƙofa tun jiya suna jiran dawakin da Magajinsu ya ce zai kawo, sai da safiyar nan ƙofar ta karye.

Madawaki bai jira a jera sahu ba. Ya zare takobi ya yi kabbara, 'yan lifida suka rufa masa baya. Tsaunawa suna cikin kwasar hatsi da kora mata, ba su ankara ba sai jin ƙasa suka yi tana girgiza. Suka juyo suka yi ruwan kibiya, dawaki da dama suka faɗi. Sarkin Baka ya zagaya da mutanensa ya tare bakin kurmi, ya hana su komawa sansani. Aka gwabza tun rana tana tsaka har ta karkata. Kibiya ta sami Madawaki a kafaɗa, ya karye ta ya jefar, ya ci gaba da sara kamar mai neman mutuwa. Da jagoran Tsaunawa ya faɗi, sauran suka watse cikin daji, suka bar tsanukansu a jere ba su kai su ko gindin ganuwa ba.

Alƙali yana gindin wata tsamiya yana kallo, Nomau na gefensa yana ta kiran sunayen 'ya'yansa a hankali. Tsohon bai jira umarnin kowa ba, ya sa haƙori da farce ya kwance igiyar. Nomau ya ruga cikin gari, Alƙali ya bi shi yana ɗingishi.

A bakin ƙofa suka same su. 'Ya'yan Nomau maza biyu suna kwance tare da samarin da suka tare ƙofar, waɗannan dai da ya hana shara. Rabin garin ya zama toka. Matan da aka kuɓutar suna zaune a ƙasa, kukan ma ya ƙare musu. Nomau ya tuɓe rigarsa ya rufe babban, ya rasa abin da zai rufe ƙaramin da shi, sai Alƙali ya miƙa masa tasa. Baƙin ciki ya cika zuciyar tsohon, don ya yi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta amfana wa mai ita komai ba.

Sarki ya iso kan dokinsa, makaɗa suna binsa da kiɗan nasara, ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya sa aka mayar wa Alƙali rawaninsa. Sannan ya ce, "Magaji, ka fita daga hannun doka, ita ma dokar daga yau ta mutu. Kai ka ceci Garzai. A kawo alkyabba da doki. Ni zan gina maka garinka."

Nomau ya durƙusa ya yi godiya kamar yadda ake yi, amma bai miƙa hannu ya karɓi alkyabbar ba. Ya juya wajen Alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tunda dokar ta mutu, shari'a ta dawo hannunka ke nan?"

Alƙali ya dubi Sarki, Sarki ya ce, "Ta dawo."

"To ina da ƙara. Na zo da labari a kan lokaci, na roƙi a sare ni a tura dawaki, aka ɗaure ni aka zauna. Jinin waɗannan nake nema a tambaya mini. Ba diyya nake so ba. So nake a tambaya, a amsa, a gaban iyayensu mata."

Dogarai suka yi ca za su rufe shi. Galadima ya ce baƙin ciki ya taɓa masa hankali, a yi masa uzuri. Alƙali ya san wannan ƙara ta fi ƙarfin wuyansa. Amma mai ƙara ya kawo ƙara, shi kuwa bai san wata hanya ba sai wadda ya saba. Ya naɗa rawaninsa, ya zauna a kan toka ya tanƙwashe ƙafa.

Ya ce, "Wa kake ƙara, Magaji?"

Kafin Nomau ya buɗe baki Madawaki ya taso, jini na bin hannunsa. "Ni ne, Malam. Ni na kawo dokar, ni na ce a jira."

Sarki ya ce, "Koma, Arzika. Kai shawara ka bayar, ni na buga tambari."

Ya sauko daga kan doki. Zagi ya rugo da shimfiɗa, ya kore shi da hannu. Ya tuɓe takalmansa, ya tako a hankali ta tsakanin gawawwakin, ya zauna a ƙasa kafaɗa da kafaɗa da Nomau, kamar yadda mai ƙara da wanda ake ƙara suke zama. Matan garin suka ɗago kai suna kallo.

Alƙali Ilyasu ya share idonsa da gefen rawani, ya yi bisimilla. Bai ce Zaki ba, bai ce Allah ya ja zamani ba.

Ya ce, "Tunau ɗan Bako, ka ji abin da mai ƙara ya faɗa. Haka aka yi?"

Sarki ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi, Allah ya gafarta Malam."